Nisa ne ko ƙasa ce? Ɗibar samfurin bakteriya daga tudu zuwa fadama

Tambayar da na shiga gona da ita tsohuwa ce. A 1934 masanin ƙasar Holan, Lourens Baas Becking, ya ce kowace irin ƙaramar halitta tana ko'ina, muhalli ne kawai ke zaɓen wadda za ta yi ƙarfi. A 2003 Rachel Whitaker da abokan aikinta suka nuna cewa halittar Sulfolobus da ke maɓuɓɓugan ruwan zafi na Kamchatka a Rasha da Yellowstone a Amurka da Aisland ta bambanta gwargwadon nisan da ke tsakaninsu. Ke nan nisa ma yana da ta cewa. Ni abin da na so in auna shi ne: idan bakteriyar wuri biyu ta bambanta, ƙasar ce ta jawo, ko tazarar?

Amsar tana rataye ne a kan inda aka kafa turakun ɗiba. Wanda ya ja layi ɗaya daga tudu ya gangara fadama ya ɓata aikinsa tun kafin ya tona rami, domin duk takun da ya ƙara, danshi da laka da tsamin ƙasa suna sauyawa tare da nisan. Babu lissafin da zai raba su daga baya. Shi ya sa na zaɓi wurare uku masu tazarar kilomitoci, kowanne da jigawarsa da fadamarsa. A kowane wuri na kafa turke na tsakiya, na ɗiba a santimita 10, mita 1, mita 10 da mita 100. Da haka aka samu samfuran da ke kusa amma ƙasarsu daban, da na nesa masu ƙasa iri ɗaya. Gindin gawo da gefen suri sun yi amfani sosai a nan: taku kaɗan daga inuwar gawo ƙasa ta zama wata, saboda ganyen da yake zubarwa da damina da kashin dabbobin da ke kwanciya ƙarƙashinsa da rani.

Ƙasa da mita 10, igiyar awo na yi amfani da ita. GPS na waya kan kauce da mita 3 zuwa 5, wanda ya fi tazarar da ake son aunawa.

Zurfin ɗiba santimita 0 zuwa 10 ne a ko'ina, kuma kowane rami da ledarsa. Masu gwajin taki sun saba gauraya ramuka da yawa su zama samfuri guda, amma a wannan aiki gaurayawar tana shafe bambancin da ake nema. Tsakanin rami da rami nakan wanke ƙarfen tono da ruwan bilic kashi 10 cikin 100, in ɗauraye da ruwa mai tsabta, sannan in goge da etanol kashi 70. Etanol kaɗai bai isa ba, yana kashe bakteriya amma yana barin DNA ɗinta, wato sinadarin gadonta da ake gane ta da shi, sai ramin baya ya ɓulla a sakamakon na gaba, samfuran kusa su yi kama ta ƙarya. Ledoji su shiga kular ƙanƙara nan take, su kai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili a ranar. A kuma gama ɗiba kafin ruwan farko ya sauka, don busasshiyar ƙasa na shan ruwa bakteriyarta ke farkawa, tsarinsu ya juye cikin 'yan kwanaki.

A ɗakin gwaji na tankaɗe kowane samfuri da rariyar milimita 2, na raba biyu. Rabi aka shanya don auna pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ƙasa kashi 1 a ruwa kashi 2.5, da kuma kabon da laka. Daga ɗaya rabin aka ciri giram 0.25 don fitar da DNA, aka ninka yankin V4 na 16S, wani ɓangaren DNA da ake bambance nau'o'in bakteriya da shi, ta hanyar PCR, dabarar ninka DNA, da faramomin 515F da 806R, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a ninka. Jerin samfuran na cakuɗa shi da ƙuri'a. In aka yi na tudu yau, na fadama gobe, bambancin rana zai shigo da rigar bambancin ƙasa. Jigawa tana ba da DNA kaɗan, don haka bakteriyar da ke cikin sinadaran gwajin kansu kan fito fili, dole kowane rukuni ya tafi da bututun da babu ƙasa a ciki don a gane su. Baƙar ƙasar fadama kuma ruɓaɓɓen ganyenta kan toshe PCR, sai an sirka DNA ɗin kashi 1 cikin 10.

Da na daidaita yawan guntayen DNA da aka karanta daga kowane samfuri, na fitar da bambancin Bray-Curtis, ma'aunin yadda bakteriyar samfura biyu ta bambanta, na gwada shi da tazara da kuma yanayin ƙasa ta gwajin Mantel, lissafin da ke nuna ko bambance-bambancen suna tafiya tare. Fadamu biyu masu nisa sun fi kama da juna a kan fadama da tudun da ke makwabtaka da ita, kuma pH da danshi ne suka ɗauki kaso mafi girma. Wannan bai saɓa wa abin da Noah Fierer da Robert Jackson suka samu a 2006 ba, lokacin da samfura 98 daga nahiyoyin Amurka biyu suka nuna pH ne kan gaba.

Ragowar bambancin da ya bi tazara ban yarda in kira shi gazawar yaɗuwa ba. Yana iya zama wani abin da ban auna ba, kamar tarihin zuba taki a gonar. Ga kuma ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana sauka kan tudu da fadama baki ɗaya kowace shekara, da wuya a ce bakteriya ba ta samun abin hawa a nan. Sai dai DNA ba ta faɗin wanda ke raye da wanda ya mutu ko yake barci. Mai son raba matattu da rayayyu sai ya jiƙa wani kaso na samfurin da sinadarin PMA, wanda ke hana ninka DNA ɗin matattu, kafin fitar da DNA, ya kwatanta shi da kason da ba a jiƙa ba.