Tarihin Rayuwata, Kashi Na 4: Cocinmu Na Wusasa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda babana ya kai ni Wusasa wajen kakata, to yau kam sai na yi maganar cocin unguwarmu, don duk wanda ya tashi a Wusasa in ka cire St. Bartholomew daga labarinsa ba abin da zai saura.

Ginin ƙasa ne fa, tubali da azara, magina Hausawa ne suka gina shi wajajen 1929 lokacin da mishan na CMS, wato ƙungiyar bishara ta cocin Anglican, ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa. In ka shiga ka ɗaga kai ka ga bakan gizon nan da ke riƙe da rufi sai ka rantse zauren wani basarake ne, bangon kuma kauri gare shi sosai, ko a watan Afrilu da zafi ke gasa mutane ciki da sanyinsa. Ina yarinya nakan jingina kumatuna da bango lokacin wa'azi, Kaka ta zungure ni ta ce ke kishiya tashi zaune, wurin Allah kika zo.

Ita ce ta ba ni tarihin, ba a makaranta na koya ba. Iyayenta daga cikin Isawa suke, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa, mutanen da suka riƙe sunan Annabi Isa alhali ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. Daga baya wasunsu suka haɗu da Likita Mila, Baturen mishan na CMS wanda ya zo Zariya a 1905, aka kafa musu gari a Gimi, sai ciwon barci ya shigo ya yi ta ɗibar mutane har garin ya watse. In Kaka ta zo nan a labarin ba ta saurin wucewa, sai ta lissafo dangin mamanta ɗaya bayan ɗaya waɗanda suka rasu a can, ni kuma a lokacin ban gane nauyin abin ba sai da na girma na haifi nawa.

To ragowarsu da waɗanda suka fito daga birni su ne tushen ikilisiyar. Kaka ta ce da a kan tabarma ake zama, takalma a bakin ƙofa, sujada da Hausa tun daga addu'ar buɗewa har albarka, kuma da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 gidan da ya samu kwafi ɗaya maƙwabta ke taruwa da yamma a karanta musu. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in wani ya ji sunana ya ce ai Bahaushe ba ya Kirista, mu da kakanninmu suka yi baftisma da Hausa aka binne su da Hausa.

Makaranta da asibitin St. Luke su suka jawo mutane unguwar ta cika. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, babansa mai bishara ne, Farfesa Ishaya Audu ma makarantar nan ya yi, ga Likita Dikko, likita na farko daga Arewa. A 1997 Wusasa ta samu dayosis nata da bishop nata, a ranar nan 'yan zumuntar mata sun kaɗa tulu sun yi guɗa har muryar Kaka ta dishe.

Yanzu ran Kirsimeti ko bikin godiya sai an kafa rumfa a waje da sifika, don akwai ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina, har an ƙara sujadar Turanci. Ina murna da hakan wallahi, amma damuwata tsohon ginin, ginin ƙasa ba ya son sakaci, indararo ɗaya ya toshe damina guda ta isa ta tsaga bango, ga magina masu sanin yaɓen makuba sun yi ƙaranci. Mako mai zuwa zan faɗa muku yadda na shiga ƙungiyar mawaƙa ba da sanin babana ba, da abin da ya biyo baya.