Radon: iskar da hanci ba ya ji, sai an auna

Akwai wata iska da ke tasowa daga ƙasar da muka kafa gidajenmu a kai. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko ciwon kai balle mutum ya farga. Sunanta radon. Asalinta yuraniyom ne da ke cikin duwatsu da ƙasa tun fil azal. Yana rikiɗewa a hankali ya koma wani sinadari mai suna radiyom, shi kuma radiyom ya saki wannan gas. A fili ba ta da wata illa, iska na kwashe ta, ba ta cika wuce bekerel 5 zuwa 15 a kowace mita kubik ta iska ba (bekerel shi ne ma'aunin tururin nukiliya, wato radiyeshon, da irin waɗannan sinadarai ke fitarwa). A cikin ɗaki ne take zama matsala.

Gida, musamman idan a rufe yake kuma cikinsa ya fi waje ɗumi, zuƙo iska yake yi daga ƙarƙashinsa. Sai radon ta biyo tsagar daɓe, da gefen bututun ruwa, da inda bango ya haɗu da daɓe, ta taru a ɗakunan ƙasa. Idan aka shaƙe ta, burbushin da take rikiɗewa zuwa gare su, irin su poloniyom, sukan maƙale a huhu suna lalata ƙwayoyin jiki shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na ciwon dajin huhu, gwargwadon ƙasa, kuma bayan sigari ita ce ta biyu. Mai shan sigari kuwa, haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Wannan adadi ne ya fi tayar mini da hankali, domin akwai masu shan ta cikin mutanen da nake ƙauna.

A 1984, a jihar Pennsylvania ta Amurka, wani injiniya mai aiki a tashar nukiliya ta Limerick ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar gano tururin nukiliya a jikin ma'aikata, alhali tashar ba ta ma fara aiki ba. Da aka bi diddigi, ashe daga gidansa, inda radon ta taru, yake kwaso abin. Wannan ne ya farkar da hukumomi can.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, ba a sanin radon da hasashe. Gida biyu a jere suna iya bambanta nesa ba kusa ba, don haka sakamakon maƙwabci ba naka ba ne. Sabon gini ma bai tsira ba.

Na'urar da na yi amfani da ita 'yar baƙar roba ce, ba ta fi murfin kwalba girma ba, babu batir, babu waya. A cikinta akwai wani ɗan falle da radon ke yi wa zane-zanen da ido ba ya gani, sai a ɗakin gwaje-gwaje ake ƙirga su. Na ajiye ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a falo, a kan kantar ajiye kaya, nesa da taga da ƙofa. Ba a sa ta a kicin ko banɗaki. Na ja wa yara kunne kada kowa ya taɓa, muka ci gaba da zamanmu yadda muka saba. Wata uku ake so ta yi aƙalla, kuma a nan ne mutane ke gajen haƙuri su sayi gwajin kwana biyu zuwa bakwai. Yana da amfaninsa, amma radon hawa da sauka take yi tsakanin dare da rana, da kuma yanayi zuwa yanayi. Ni ba zan gina hukunci a kan gajeren gwaji kaɗai ba.

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a wuce bekerel 100 a kowace mita kubik ta iskar cikin gida, in ya gagara to kada a haura 300. Amurka na cewa a ɗau mataki daga wajen 148.

Idan ta yi yawa, akwai gyara. Toshe tsaga da buɗe tagogi na ragewa, sai dai ba a dogara da su kaɗai. Abin da ya fi aiki shi ne a huda daɓe a zura bututu, a haɗa shi da ƙaramar fanka mai aiki dare da rana, ta janyo iskar daga ƙarƙashin gida ta fitar da ita saman rufi. Wanda ya san aikin za a ba, kada bakin bututun ya ƙare kusa da taga. Mai sabon gini ya sa bututun da shimfiɗar leda mai kauri kafin a zuba daɓe, ya fi sauƙi ƙwarai. Bayan an gama a sake aunawa, kuma a riƙa leƙa fankar lokaci-lokaci, don in ta tsaya, cikin kwanaki kaɗan radon za ta dawo.