Maki 221: yadda na nemi gurbin likitan sa barci a Amurka daga Damagaram

Ina zaune a fadarmu ta Zango, ana zuba shayi na biyu, saƙon ya shigo wayata cewa sakamakon jarabawar likitoci ta Amurka da na zauna ya fito. Na buɗe na ga 221. Abokina da ke rabon kofuna ya ce, "Dokta, an ci?" Na ce an ci. Aka yi ta barka, har wani ya ce gobe ni zan sayi sukari. Ban san ta inda zan fara yi musu bayanin cewa akwai cin da ya fi faɗuwa ɗaure mutum ba.

A Yamai na yi karatun likita, daga nan aka tura ni wani asibitin karkara a jihar Damagaram. Can na fara son aikin sa barci. Ba mu da ƙwararren likita a fannin, sai wani dattijon ma'aikacin jinya da ya shekara da shekaru yana yi. Maganin sa barci na Ketamin da allurar kashe zafi ta baya su ne kayan aikinsa, da ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini. Ranar da aka kawo wata mai naƙuda jini na zuba, na ga yadda ya riƙe ta da rai har aka gama fiɗa, na ce wannan aikin zan koya.

Hanyar samun gurbin horon ƙwarewa a Amurka ta jarabawar USMLE take bi, wato jarabawar lasisin likitocinsu. Tun 26 ga Janairun 2022 aka daina ba da maki a matakin farko, Step 1, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Sai nauyin duka ya koma kan mataki na biyu, Step 2 CK, wadda na wuni ina yi, awa tara, kashi takwas. A lokacina 214 ne makin tsira. Amma waɗanda ake ɗauka a fannin sa barci yawancinsu kusa da 250 suke. Ka ga ni da bakwai kawai na haye katanga.

Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Jarabawar gwaji da na yi sau uku kafin ranar, babu wadda ta kai ni 230. Na gani da idona, na ce ai ranar gaske mutum ya fi natsuwa. Gaskiyar magana kuɗi ne suka tura ni. Rajistar kaɗai ta haura dala 1,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta biyar-biyar ba, wato sama da jika ɗari shida. Ga kuɗin tafiya Akara, inda na zauna jarabawar a watan Mayun 2023. Kawuna ya sayar da bijimi saboda ni, kunya ta hana ni ce masa a ɗage. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne dokarsu: wanda ya ci ba a barinsa ya sake zama don gyara maki. Da na ɗaga da wata uku, asarar kuɗi kawai zan yi. Yanzu 221 ta zama kamar tsagen fuska, duk inda takarduna suka je tana gaba.

Duk da haka na ci gaba. Na yi jarabawar Turanci ta OET, wadda ta ba ni wuya fiye da yadda na zata, tunda mu da Faransanci muka yi lakwal. Na samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, na cike takardu a ERAS, shafin neman gurbin horo, kafin ƙarshen Satumba, lokacin da asibitoci ke fara dubawa. Ana cikin haka juyin mulkin 26 ga Yuli ya zo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke mana wuta. Shirin da nake yi na zuwa in tsaya wata guda a wani asibitin Amurka, in samo wasiƙar shaida daga likitan can, ya bi ruwa. Wasiƙuna uku duka daga gida suka fito.

Kuskure na biyu shi ne wajen alamomi. A shekarar an ba kowane mai neman fannin alama 15, biyar na zinariya, goma na azurfa, da zai aika wa asibitocin da ya fi so don su san da gaske yake. Ni kuwa na zuba zinariyata a manyan wuraren da ko a Damagaram an san sunansu. Irin waɗannan takardu dubbai suke samu, kuma da yawa kwamfuta ce ke tace su da maki kafin wani mutum ya karanta layi ɗaya. Da na zauna na duba jerin likitocin da kowane asibiti ke horarwa, da na ga waɗanda suka saba ɗaukar baƙi da ba da biza, da can na kai alamomina. Duk bayanin yana shafukansu, kyauta. Ƙyuya ce da son suna.

Wurare biyu suka kira ni hira, dukansu cikin waɗanda na ba azurfa ba tare da na sa rai ba. Ta intanet aka yi. Awa shida ne tsakaninmu da gabashin Amurka a lokacin sanyi, don haka safiyarsu la'asar ɗinmu ce. Na ari ƙaramin janareta a wurin wani mai shago a kasuwar Dole, na ja shi can bayan gida saboda ƙara.

A hira ta farko aka tambaye ni makin. Na kama kame-kame, ga wuta, ga aiki, ga Turanci. Ina magana ina ganin fuskar matar tana sanyi. A ta biyu na ce kawai na zauna ban shirya ba, kuma ni na yanke wannan shawara. Mutumin ya gyaɗa kai ya wuce. Sauran lokacin a kan allurar baya muka ƙarar da shi: nawa na yi a gaban mai kula da ni, me nake yi in hawan jini ya faɗi, yaya ake aiki in iskar numfashi ta tulu ta kusa ƙarewa. Ashe abin da nake ɓoyewa don ina ganin aikin ƙauye ne, shi ne kaɗai abin da nake da shi wanda sauran masu nema ba su da shi. A takardar bayanin kaina ko layi uku ban ba shi ba.

Ranar Litinin, 11 ga Maris 2024, saƙo ya zo cewa ban samu gurbi ba. Na shiga rububin guraben da suka rage, wanda suke kira SOAP, wayata ba ta yi ƙara ba har mako ya ƙare.

Na je gaida kawu da kaina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, a nan kusa ba a koyar da abin ne?" Na ce ana koyarwa, Kawu, akwai a Kwatano, shekara huɗu ne, daidai da na Amurka. Ya ce, "Kai da ka sani, me ya hana ka nemi biyun tare?" Ban da amsa. Washegari na koma aiki, na roƙi dattijon nan ya bar ni in riƙa rubuta kowace allura da na yi a wani littafi, da kwanan wata da sa hannunsa.