Yadda na bi sawun Kaka daga takardar haraji har zangon Kumasi

Kusan duk wanda na gaya wa ina bin diddigin rayuwar kakanmu, wanda ya haifi babana, abu na farko da yake cewa shi ne in je in duba takardun ƙidaya. To ai da abin zai yiwu da an huta. A Ingila da Amurka haka mutane ke yi, a zamanin kakanni duk shekara goma ana bi gida gida a rubuta sunan kowa da shekarunsa da sana'arsa da inda aka haife shi, sai a kulle takardun, Amurka shekara 72 Ingila shekara 100, daga nan a buɗe wa jama'a. A 2022 ma an saki na Ingila na 1921 da na Amurka na 1950 a intanet, mutum yana zaune a ɗakinsa sai ya ga sunan kakansa yana ɗan yaro a gidan haya tare da sunan ƙannensa da na maƙwabtansu. Mu kam abin da ƙidaya ta bar mana jimla ce kawai.

Turawa sun yi ƙidaya a Najeriya a 1911 da 1921 da 1931, amma a nan Arewa yawancin adadin daga lissafin masu biyan haraji aka ɗebo shi, ba wai an shiga kowane gida ba. Ta 1941 ba a yi ba saboda yaƙi. Ta 1952 zuwa 1953 ita ce aka ɗan yi da gaske, ta ba da mutum miliyan 30 da ɗoriya a ƙasar gaba ɗaya, sai ta 1962 da aka soke, ta 1963 da ta ce miliyan 55 da wani abu aka yi ta rigima a kanta, ta 1973 ita ma aka soke. Abin da aka buga kuwa layi layi ne na lardi kaza, gunduma kaza, maza nawa mata nawa yara nawa. Kakana yana ciki, na tabbata, amma a matsayin mutum ɗaya cikin mazan gundumarmu, ba suna ba komai. Kuma kar a manta mutanen da tsoron ƙidaya suke yi, don a wurinsu duk wanda ya zo ƙirga kawuna to haraji ne ke biye da shi, sai a ɓoye samari a rumbu ko a ce sun tafi cin rani, Bafulatani kuma ya kaɗa shanunsa daji saboda jangali. Ni ban ga laifinsu ba wallahi.

Saboda haka sai na koma gida wajen Gwaggo, yayar babana, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Da yake sunan Kaka aka sa min, ba ta taɓa kiran sunana, Babana take ce min. Kakarmu ma har ta bar duniya ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, sai dai ta ce Malam, kuma wannan alkunyar tamu mai kyau ita ce ta sa jikoki da yawa ba su san cikakken sunan kakanninsu ba balle na iyayen kakannin. Na tambayi Gwaggo shekarar da aka haife shi, ta ce "Babana ai mu ba mu san wata shekara ta boko ba, amma Iya ta ce yana goye a bayanta aka yi Ƙaƙalaba." Iya ita ce mahaifiyar Kaka. Wannan magana guda ɗaya ta fi min duk wata takarda amfani, don Ƙaƙalaba yunwa ce sananniya da aka yi a ƙasar Kano da kewaye daga 1913 zuwa 1914 bayan damina ta ƙi, ka ga in yana goye a lokacin to haihuwarsa ba za ta wuce 1912 ko 1913 ba, wato daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano aka fara hada-hadar gyaɗa.

Daga nan na gane yadda ake yi da tsofaffi. Ba a tambayarsu shekara, sai dai a ce wane sarki ne a kan gado, kafin husufin rana ne ko bayansa, an canza kuɗi ko ba a canza ba. Na rubuta wa kaina jerin irin waɗannan a takarda ina tafe da ita: Sarki Abbas ya rasu 1919, Usman ya yi har 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, babban husufin rana a watan Mayu 1947, zuwan Sarauniya Kaduna 1956, komawa tuƙi hannun dama 1972, naira da kwabo 1973. Da wannan takardar na ɗaure kusan duk labarin da Gwaggo ta ba ni a kan shekarunsa.

Na je Kaduna gidan adana tarihi na ƙasa, ɗaya ne daga cikin manyan guda uku, sauran suna Ibadan da Inugu, masanin tarihi Kenneth Dike ne ya yi tsayin daka aka kafa hukumar a 1954. A can akwai fayil fayil na lardin Kano da na sakatariyar lardunan Arewa, abin da ya fi min daɗi a ciki shi ne rahotannin tantance haraji. Di'o zai fita rangadi a kan doki ya zagaye gunduma, ya rubuta sunan kowane gari da sunan dagacinsa, masu biyan haraji nawa, shanu nawa, rijiyoyi nawa, masaƙa da maƙera da marina nawa, wace rana kasuwa take ci, har yadda ƙasar noman take. Manufarsa dai ya san nawa za a yanka wa gari, amma ba da niyya ba ya bar mana hoton garuruwanmu. Na ga sunan ƙauyenmu da idona, an rubuta shi da irin rubutun Bature wanda bai ji kalmar da kyau ba, sunan dagacin kuma shi ne dai wanda Gwaggo ta ce mahaifin Kaka yana kai wa gaisuwa. A gefe an sa adadin rijiyoyin rini na garin, jikina ya yi sanyi, don gidanmu har yau gidan marina ake ce masa alhali ba wanda ya tashi ya ga baba ko karofi a ciki. Sunan talaka dai babu a fayil ɗin, in ka ga sunan talaka to ko shari'a aka yi da shi ko ya gudu bai biya haraji ba.

Takardun da ke ɗauke da sunansa ashe suna gida, a wani tsohon akwatin ƙarfe a ɗakin ƙanin babana, ƙarƙashin gado, gara ta ci gefen wasu. Akwai rasit na haraji guda biyu masu tambarin En'e, akwai hoto ɗaya, akwai lambar yabo ta tagulla mai tsini shida, sannan ga littafin sallama daga soja. Mun taso muna jin wai Kaka ya je yaƙin Hitila, ashe shi ko Bajamushe ɗaya bai gani ba, Bama aka kai su, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, da Japanawa suka gwabza. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya, ta 81 ta tafi a 1943 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta bi bayanta a 1944, a watan Janairun 1945 suka kama garin Myohaung, wanda har yau akwai barikin soja mai wannan sunan a Legas. Littafin ya nuna an ɗauke shi a 1942 an sallame shi a 1946, ga lambarsa mai farawa da NA, ga tsayinsa, har tsagen fuskarsa an kwatanta.

Abu biyu ne a littafin suka tsaya min a rai. Na farko sunan, an rubuta sunansa na yanka sai aka bi shi da sunan Kano, shi kenan, ba sunan uba ba sunan ƙauye, kuma haka aka yi wa dubban sojoji, wannan wane Kano wancan wane Katsina wancan wane Sakkwato. Lambar yabon ma ba suna a jikinta, haka aka raba su. In ka shiga shafin hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila za ka ga irin waɗannan sunayen jere, waɗanda ba su dawo ba, da yawansu a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun mai ɗauke da suna kusan 27,000. Na daɗe ina karanta su ina tunanin gidajen da har yau ba su san inda ɗansu yake kwance ba, don ko sun nema ta ina za su gane nasu a cikin masu suna iri ɗaya in ba su riƙe lambarsa ba. Duk wanda ke da irin wannan littafin a gida don Allah ya ɗauki hoton lambar ya ajiye, ita ce kaɗai ba ta haɗuwa da ta wani.

Na biyu shekarun. Littafin ya ce yana da 25 lokacin da aka ɗauke shi, wato haihuwar 1917 kenan, ya saɓa da lissafin Ƙaƙalaba da shekara huɗu ko biyar. Ni maganar Iya na ɗauka. Hafsan da ya rubuta 25 kallon ƙirji da haƙora ya yi ya yanke, ita kuwa ita ta goya shi cikin yunwa, uwa ba ta manta ɗan da ke bayanta a irin wannan shekarar. Muna da wata ɗabi'a ta ganin duk abin da aka buga da tafireta ya fi abin da tsohuwa ta faɗa gaskiya, alhali takardar ma wani ne ya faɗa wani ya rubuta, sau da yawa ta bakin tafinta.

Hoton kuma shi ya buɗe rabin rayuwarsa na biyu. A bayansa akwai hatimin wani mai hoto na Kumasi a Ghana, Kaka yana zaune da babbar riga da hula, ba alamar soja ko kaɗan. Gwaggo ta ce bayan husufin rana da kamar damina biyu ya bi wani ɗan uwansu fataucin goro, ya zauna a zango yana ɗaure huhu ana turowa Legas da Kano, yana zuwa gida jefi jefi. Hanyar ba sabuwa ba ce, Hausawa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro tun zamanin ayari da jakuna, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa suka watsu zuwa Kumasi da Accra da sauran zangogi. Ƙidayar Ghana ta 1960 ta ƙirga baƙi 'yan asalin Najeriya, to a nan ma ya sake shiga lissafi ba tare da suna ba. Dawowarsa kuwa ba sai na yi wahalar nema ba, Gwaggo tana cewa "shekarar da aka koro su" na san inda aka dosa, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya dawo a bayan babbar mota da wannan akwatin da buta da Alƙur'aninsa, mutumin da ya yi kusan shekara ashirin a gari. Rasit ɗin harajin guda biyu na bayan dawowarsa ne, ya biya har ya rasu, bai ga lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano a 1979 ba.

Ranar rasuwarsa ita ce kaɗai ba gardama a kanta, limamin garinmu na lokacin ya rubuta ta da ajami a bangon wani littafi, da rana da wata da shekarar hijira, jikansa ya fito min da shi na lissafa ta faɗa farkon 1976, Gwaggo kuma ta ce ana zaman makokinsa aka ji a rediyo an kashe Murtala. Baki da takarda suka haɗu daidai.

Yanzu abin da ya rage shi ne Kumasi. Gwaggo ta sha faɗa cewa ya yi aure a can kuma matar ba ta biyo shi ba don 'yar ƙasa ce, akwai yarinya ɗaya a tsakaninsu. In tana raye ta haura sittin, gwaggona ce ita ma, kuma ba lallai ta san an rubuta ranar rasuwar babanta a wani wuri ba. Na samu wani dattijo mai sayar da goro a Kano da har yanzu yake da 'yan uwa a zangon, ya karɓi kwafin hoton ya ce zai aika a nuna wa tsofaffin unguwar, ni kuma ina haɗa kuɗin mota in bi bayan hoton bayan sallah in Allah ya yarda.