Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baƙo Raɓa

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da shirun makon jiya, Auta ce ba lafiya amma alhamdulillahi ta warware. Na yi alkawarin ci gaba daga tarewarmu a Manchesta a 2014, to amma shekaru biyar ɗin nan ba abin ba da labari a ciki, aiki ne gida, gida aiki, sanyi da ruwan sama, shi kenan. Abin da ya hana ni barci a satin nan maganar Kawu ce.

Kun san ranar da aka raka mu filin jirgin Malam Aminu Kano, kowa na addu'a, shi Kawu sai ya ja ni gefe ya ce "kai yaro, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Rana na fitowa za ka bushe." A gaban matata fa. Ban ce komai ba don ƙanin Inna ne, amma maganar ta zauna min a ƙirji kamar ƙullin tuwon da bai nuna ba. Daga baya na yi masa uzuri kaɗan, mutumin da ya yi shekara kusan 20 a Jidda ba igama, rana ɗaya aka kama shi a hanyar kasuwa aka saka shi jirgi da kayan jikinsa, keken ɗinkinsa ma can ya bari. Uzuri kaɗan na ce.

Kuma gaskiya a waɗancan shekarun raɓar ce ni. Bizar aiki ce, kamfani ne ya tsaya min, in suka sallame ni yau kwana 60 gare ni in samu wani mai tsaya min ko mu tattara. Ogana ya san haka sarai. Duk ranar da aka rasa mai aikin Asabar da Lahadi sai ya leƙo teburina yana murmushi, ni kuma in ce ba damuwa, sallar Idi biyu na yi a gaban kwamfuta. A bayan katin bizar an rubuta ƙarara ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, haraji dai ana cirewa kamar na kowa amma ko kuɗin tallafin yara da maƙwabciyarmu ke karɓa mu ba mu isa ba. Ga kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya lokacin sabunta biza, an fara shi 2015 a fam 200 kowane kai duk shekara, 2019 ya koma 400, yanzu ma ya haura dubu. Sannan daga 2016 aka ce mai irin bizata ba zai samu zaman dindindin ba sai albashinsa ya kai fam 35,000, ni kuwa nawa ya gaza da 'yan ɗaruruwa, wata takwas ina bin mutumin nan kamar mai bara kafin ya sa hannu. Ban yafe wannan murmushin ba har yau, Allah na gani.

Na tsallake jarrabawar sanin ƙasa, wadda ake yi kafin neman zaman dindindin. Tambaya 24 ce, sai ka ci 18, minti 45. Uwargida ce ke min bita a kicin tana soya albasa, "yaƙin Hastings?" in ce 1066, "matan Sarki Henry na takwas?" in ce shida. Ta ce oh ni, ka iya matan sarkin Ingila amma in aka ce jero sarakunan Kano daga Dabo sai ka tsaya a hanya. Ita ta riga ni ci ma, har gobe tana min gori.

Satumba 2019 muka shigar da takardun neman zaman dindindin, mu uku, ni da uwargida da babban yaronmu, fam 2,389 kowane kai, ku lissafa da kanku. Filina na hanyar Zariya ne ya tafi a nan. Akwai layin gaggawa da za ka ƙara wasu ɗaruruwa kowane kai a ba ka amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, na ce a'a, gaggawar me, mu bi layin talakawa ko wata shida ne ma jira. Wannan rowar ita ce nadamar rayuwata. Don ƙa'idar ita ce muddin takardarka na hannunsu, ka fita daga ƙasar to tamkar ka janye ne. Nuwamba Inna ta kwanta. Yaya ta kira ta ce Malam ka zo fa, na ce sati biyu Yaya, sati biyu kawai. Ranar Laraba da asuba aka kira ni, ina zaune a bakin gado da safa ƙafa ɗaya, ta waya na ji salatin mata a tsakar gidanmu. Da na kira Kawu in masa ta'aziyya, bayan ya amsa sai ya ce "to ai ka gani." Bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa masa a raina.

Sati uku bayan nan saƙon ya shigo, an ba mu zaman dindindin. Ban yi murna ba wallahi, na karanta na ajiye wayar na tafi aiki.

Amfaninsa sai a hankali ya dinga bayyana. Korona ta zo 2020, kamfanin ya rage ma'aikata har da ni, da shekara ɗaya baya ne da tuni muna Kano da akwatuna, amma sai ga ni na cike fom na karɓi tallafi wata huɗu, kuɗin da ni ma na zuba a asusun shekara shida, na samu wani aikin ba wanda ya tambaye ni wa zai tsaya min. Abokin aikina ɗan Indiya da bai cika shekara biyar ba ina kallo ya sayar da kujerunsa. Bankin da a da ke cewa sai na kawo kafin alƙalami mai kauri, shi ne ya ba mu bashin gidan da muke ciki. Ta tsakiya da aka haifa nan 2016 sai da muka yi mata rajista muka biya kafin ta zama 'yar ƙasa, Auta kuwa 2021 da ɗan-ƙasancinta ta faɗo duniya, ɗaki ɗaya suke kwana, uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin kawai takardar da ke aljihuna ranar haihuwa. Babban ya shiga jami'a 2024 a kuɗin 'yan gida, fam 9,250, gwamnati ta ba shi rance, 'yan ajinsa da suka zo daga Najeriya wasu ninki biyu suke biya har da ɗoriya. Raɓa kenan, Kawu.

Ko da yake ita ma takardar in ka yi shekara biyu a jere a waje mutuwa take, shi ya sa uwargida ta matsa sai mun karɓi fasfo, wannan rigimar kashinta daban.

Na je gida 2022, daga filin jirgi maƙabarta na fara wucewa, Yaya ta haɗa ni da yaron da zai nuna min kabarin don ni ban san wurin ba. Washegari na je gaida Kawu da turare da shadda, ya tsufa sosai, ido ya yi rauni. Ya shafa shaddar ya ce "ance sun ba ka zama na har abada?" Na ce eh Kawu. Ya yi shiru can ya ce to ɗan wajen Gwaggo ya gama digiri yana zaune, ko akwai hanya.

Abin da na ce masa, da yadda maganar ta koma kunnen Gwaggo a juye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.