Ƙusa ba ta kama garin katako

Ni kafinta ne ɗan kafinta, a nan Yamai. Gyaran da baba ya koya mini a fili yake. In ramin ƙusa ya buɗe, ka feƙe tsinken itace, ka shafa masa kol, wato gam, ka cusa, ka mayar da ƙusarka. In ƙofa ta kumbura da damina, ka sa rabo, abin fere katako, ka ɗan rage gefenta. Gadon maɗaci ko na jan katakon da muke saye a kasuwar Katako, haka ake lallaɓa shi har jikoki su kwanta a kai.

Yanzu kuwa yawancin abin da ake kawo mini armuwar ce ta kayan ɗakin amarya, irin ta Dubai, Sin ko Turkiyya, mai ƙyalli sai ka ce madubi. Cikinta MDF ne: garin itace da aka kwaɓa da gam, aka matse da zafi, aka liƙa masa fata a sama. Ba shi da jijiyar da za ta riƙe ƙusa. Ka buga a gefe, ya dare biyu. Ka cusa tsinke, ramin ya ƙara faɗi, gari na zuba. Farar kol ɗinmu ma ruwa gare ta, allon ya sha ya kumbura, a kan fatar kuma ba ta kamawa sam. Rabo fa? Da ka fere fatar, ka buɗe wa laima ƙofa ke nan.

Wata hajiya daga Yantala ta ce mini: "Malam, ai ubanka da ya gyara." Na ce: "Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ko shi da ya mayar miki da abarki." Ƙasan armuwar ya sha ruwan gugar ɗaki, kuma wannan allo in ya kumbura ba ya komawa, ko an shanya shi a ranar Afrilu.

Abin da na ga yana ci shi ne in huda allon gaba ɗaya, in sa bulon da rondel, wato ƙusa mai noti da ɗan faifan ƙarfenta, in tokare bayansa da guntun katako na gaske. Ƙafafun kuma in ɗaga su daga siminti. Ba kyau a ido, amarya takan ɓata fuska. Amma masu zaman haya, da kowane tashi sai an kwance armuwar an sake ɗaurawa, su nake ce wa kada su ma ɓata jikkunansu wurina in ramukan sun riga sun cinye.