Inda sabuwar dabara ke mutuwa a ƙaramar sana'a

Na daɗe ina riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin lissafi, kuma duk wanda ka tambaya me ya hana shi fito da sabon abu, zai ce maka jari ne babu. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a wuraren da na zauna, na fi ganin dabara tana mutuwa tun ba a kai ga maganar kuɗi ba. Ƙaramin ma'aikaci ya yi ta maza ya ce, "Maigida, da za mu gwada kaza," maigida ya ɗago kai ya yi masa kallon "kai a wa?", ya mayar da idonsa kan wayarsa. Shi ke nan. Daga ranar, yaron zai ci gaba da ganin matsala, amma zai ja bakinsa ya yi gum.

Ga shi kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wajen aiki wanda hannunsa ke kan kayan shi ne mai ɗakin. Kamfanin Toyota ya fahimci haka da wuri. A 1951 ya kafa tsarin karɓar shawarar ma'aikata, kuma a masana'antunsa ya sanya igiyar da kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga aibi, shugabansa ya zo da gudu, in abin bai gyaru ba a tsayar da layin haɗa motocin. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yi wa wanda ya ja igiyar kallon mai kawo cikas.

A wani wuri da na yi aiki, kayan da ake aika wa masu saye sun riƙa dawowa a fashe, ni kuma ina ta rubuta asarar wata bayan wata. Ashe matar da ke naɗe kayan ta daɗe da lura cewa kusurwa ɗaya ce kullum ke fashewa, ta ƙasa wajen hagu, inda kwalin ke fara taɓa ƙasa idan an sauke shi. Ta ɗauki guntayen kwalin da ake zubarwa, ta ninka su gida uku, ta cusa a wurin. Ko sisi ba a kashe ba, kayan da ke dawowa suka ragu sosai. Da aka ce mata me ya sa ba ta faɗa ba tuntuni, sai ta ce, "Ai ba a tambaye ni ba."

Masu ba da shawara suna son kawo labarin 3M, kamfanin Amurka da tun 1948 ya bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin 100 na lokacin aiki su gwada abin da suka ga dama. A can ne Spencer Silver ya haɗa wani gam mara ƙarfi a 1968, aka rasa me za a yi da shi, har sai da abokin aikinsa Art Fry ya gano amfaninsa a 1974. Takardar Post-it, wato ƙaramar takardar rubutu mai mannewa da aka yi da wannan gam ɗin, ba ta bazu a kasuwa ba sai 1980. Shekara 12 ke nan. Wace ƙaramar sana'a ce za ta iya wannan jira? Abin da za ta iya shi ne ta ƙanƙantar da gwaji: kaya kaɗan, lokaci ƙayyadadde, kuma a faɗi tun farko alamar da za a gane ya yi ko bai yi ba. Ni nakan buɗe wa masu sana'a layi na daban a littafi, in rubuta "kuɗin gwaji", komai ƙanƙantarsa. Idan gwajin ya faɗi, asarar tana da mazauni, ba a albashin wanda ya kawo shawarar za a cire ba. Wanda aka taɓa yanke wa albashi saboda gwaji ba zai sake kawo wani ba, abokan aikinsa ma sun gani.

Haka nan idan dabara ta ci, a ambaci sunan mai ita a gaban kowa. Maigidan da ke mayar da ita tasa yana rufe wa kansa ƙofa ne.

Mafi wuya shi ne dabarar da ke barazana ga abin da ake ci a yau. Injiniyan Kodak, Steve Sasson, ya haɗa kyamarar dijital a 1975, alhali ribar kamfanin a fim ɗin ɗaukar hoto take, wanda kyamarar dijital ba ta buƙata. Kodak ya daɗe yana dogara da fim ɗinsa, wasu suka cinye kasuwar, a 2012 ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu. Masu ƙaramar sana'a ma suna da irin wannan fim ɗin, wato kaya ko hanyar aikin da ta gina su, ba sa son a taɓa. Sun dai fi Kodak sa'a ta fuska ɗaya: ba su da kwamitin da zai zauna wata da watanni. Mutum ɗaya ne zai ce "to, a gwada" da safe, kafin a tashi aiki an fara.